Gani Ya Kori Ji: Yadda Hoto Yake Taimakon Yaro Mai Lalurar Otizim

Darasin wannan wata na iyaye ne, da kakanni, da malaman makaranta, da duk wanda yake riƙon yaro. An raba shi kashi-kashi domin a karanta a hankali. Ɗalibin ajin yaƙi da jahilci yana iya karanta kashi ɗaya ko biyu a rana. Akwai tambayoyi da aikin gida a ƙarshe.

Kashi na 1: Wani yaro a wani gida

A ɗauka akwai wani gida a ƙauye. A gidan akwai yaro mai shekara 6. Jikinsa lafiya lau. Yana gudu, yana hawa katanga, yana cin abinci. Amma ba ya magana sai kalma biyu ko uku. In an kira sunansa, sau da yawa ba ya waiwayowa. Ba ya shiga wasan yara a dandali. Ya fi son ya zauna shi kaɗai yana jera marafan kwalba. In injin niƙa ya tashi, sai ya toshe kunnuwansa.

Kullum da safe ana fama. Uwarsa ta ce, "Tashi ka wanke ido, ka zo ka sha koko, sannan a yi maka wanka." Yaron bai motsa ba. Ta sake faɗa da ƙarfi. Bai motsa ba. Ta ja hannunsa zuwa makewayi. Sai ya faɗi ƙasa yana ihu, yana buga kai.

Kakarsa ta ce taurin kai ne, a sa masa bulala. Maƙwabciya ta ce iska ce ta taɓa shi. Wani ya ce a ɗaure shi da igiya don kada ya fita ya faɗa rijiya. Uwar kuwa ta shiga ɗaki tana hawaye, domin an fara cewa ita ce ba ta iya reno ba.

Akwai irin wannan yaro a garuruwa da yawa. Mai yiwuwa yana da lalurar da likitoci suke kira otizim.

Kashi na 2: Mece ce lalurar otizim?

A rediyo wani lokaci ana kiran wannan lalura galahanga. Amma mutane suna amfani da wannan kalma ga lalurori iri-iri, wasu ma suna zagi da ita. Saboda haka a wannan darasi za a riƙa cewa otizim.

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro take girma da yadda take aiki. Alamunta sukan bayyana kafin yaro ya kai shekara 3. Ga manya daga cikinsu:

1. Jinkirin magana, ko maimaita maganar da aka yi masa.
2. Rashin waiwayowa in an kira shi, da rashin haɗa ido da mutane.
3. Rashin nuna abu da yatsa, da rashin shiga wasan yara.
4. Maimaita abu ɗaya, kamar kaɗa hannu ko jera kaya.
5. Tashin hankali in an sauya abin da ya saba.
6. Damuwa da ƙara, ko haske, ko wani irin tufafi ko abinci.

Yaran ba iri ɗaya ba ne. Wani yana magana sosai, wani ba ya yi ko kaɗan. Wani yana da kaifin hadda na ban mamaki, wani yana koyo a hankali. An fi gano lalurar a 'ya'ya maza, amma 'ya'ya mata ma suna da ita.

A shekarar 1943 wani likita a ƙasar Amurka mai suna Leo Kanner ya rubuta bayanin yara 11 masu waɗannan alamu. Tun daga lokacin ake bincike. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen yaro 1 cikin kowane 100 yana da otizim.

Bincike ya nuna gado yana da babban hannu a ciki. Ba a ɗaukar lalurar daga wani. Rashin iya reno ba ya kawo ta. Allurar rigakafi ba ta kawo ta. Babu ƙwaya ko jiƙo da yake cire ta. Amma yaron yana koyo, in an koya masa ta hanyar da yake ganewa.

Kashi na 3: Me ya sa hoto yake taimako?

Mai karatu ya tuna lokacin da bai iya karatu ba. In ya je ɗakin shan magani, malamin asibiti yakan ja masa zane uku a jikin takardar magani. Yana gani ya san sau uku zai sha a rana. Ranar zaɓe, alamar jam'iyya yake dubawa kafin ya dangwala yatsa. Mai nono ma takan ja zane a bango don kada a manta da bashi. Duk waɗannan alamu ne da ido yake karantawa ba tare da baƙi ba.

Magana kamar iska take. Ana faɗin ta, ta wuce. Yaro mai otizim yakan ɗauki lokaci kafin ya gane abin da kunnensa ya ji. Kafin ya gane kalmar farko, uwa ta riga ta faɗi goma. Sai kansa ya ɗaure. In aka ƙara da tsawa, sai tsoro ya shiga.

Hoto kuwa yana nan a wurinsa. Yaro zai duba, ya kau da kai, ya sake dubawa. Hoto ba ya fushi, ba ya ɗaga murya. Yadda yake jiya haka yake yau.

Akwai dalili na biyu. Yaran nan suna tsoron abin da ba su san zai faru ba. Wanda aka ja hannunsa ba a gaya masa inda za a kai shi ba, dole ya turje. In yaro ya ga abin da yake tafe, hankalinsa yakan kwanta.

Akwai wata mata a Amurka mai suna Temple Grandin. An haife ta a shekarar 1947, tana da otizim. Ba ta fara magana ba sai da ta wuce shekara 3. Ta girma ta zama farfesa a fannin ilimin dabbobi a jihar Kolorado. Ta tsara garken shanu da hanyoyin bi da su ba tare da firgita su ba. A shekarar 1995 ta fitar da littafi inda ta yi bayanin cewa da hotuna take tunani. Ba duk mai otizim ne yake tunani haka ba, amma da yawansu ido ya fi kunne yi musu amfani.

Kashi na 4: Kayan aiki

Wannan hanya ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Ga abin da za a tanada: tsohon kwali, da wuƙa ko almakashi, da biro ko gawayi, da igiya, da zare, da ƙusa, da ƙwarya ko roba guda ɗaya.

Alama iri uku ce. A fara da wadda yaron yake ganewa.

Ta farko ita ce abin kansa. Soso yana nufin wanka. Ludayi yana nufin koko. Ƙaramar buta tana nufin bayan gida. Takalmi yana nufin fita. Wannan ita ce mafi sauƙi, ita ta dace da ƙaramin yaro da wanda bai fara gane hoto ba.

Ta biyu ita ce hoto. In akwai mai waya a gida, ya ɗauki hoton kwanon yaron, da tabarmarsa, da rigarsa, a kai a wanke ranar kasuwa. Ko a yanki takardar sabulu ko ta biskit, a liƙa a kwali da gam ko ƙaro.

Ta uku ita ce zane. A yanka kwali daidai faɗin tafin hannu, a zana abu ɗaya babba a tsakiya. Ba sai gwani ba. In an zana buta, kowa ya gane buta ce, ya isa. Gidan da ba a son zanen mutum ko dabba, zanen kaya kawai ya wadatar: kwano, buta, tabarma, riga, allo.

A ƙasan kowane kati a rubuta sunan abin da manyan baƙaƙe, kamar BUTA ko KOKO. Rubutun zai sa duk mutanen gida su riƙa faɗin kalma ɗaya. In akwai farar leda, a naɗe katin don kada ruwa ya ɓata shi.

Yaya za a san wadda yaro yake ganewa? A nuna masa katin kofi, a ajiye kofi da takalmi a gabansa. In ya ɗauki kofi sau da yawa, yana gane hoto. In bai ɗauka ba, a koma ga abin kansa.

Kashi na 5: Igiyar ayyukan yini

Wannan ita ce uwar dabarun. Malamai a jihar Karolina ta Arewa a Amurka sun daɗe suna amfani da irinta, a wani shiri da Eric Schopler ya jagoranta, wanda jihar ta karɓa a shekarar 1972. Ga yadda ake yi a gida:

1. A zaɓi wuri ɗaya da yaro yake wucewa kullum, kamar bakin ƙofar ɗakin uwarsa.
2. A kafa ƙusa, a rataye igiya daga sama zuwa ƙasa, daidai tsayin idon yaron.
3. A ɗaura katuna ko kayan a jikin igiyar bi da bi. Aikin farko shi ne a sama.
4. A ajiye ƙwarya a ƙasa. Sunanta ƙwaryar "an gama".

An zaɓi daga sama zuwa ƙasa ne domin boko yana farawa daga hagu, ajami kuma daga dama. Sama da ƙasa ba sa rikita kowa.

Kada a fara da yini duka. A fara da ayyuka 2 ko 3 na safe, misali BUTA, KOKO, SOSO.

Da safe uwa ta kai yaron gaban igiya. Ta nuna katin sama, ta ce, "Buta." Kalma ɗaya tak. Ta yi shiru, ta ƙirga goma a zuciyarta. In bai motsa ba, ta kama hannunsa a hankali, su ciro katin tare, su tafi da shi wurin aikin. In an gama, su dawo, yaron ya jefa katin a ƙwarya. Uwa ta ce, "An gama." Sannan su duba kati na gaba.

A yi haka kowace rana, a wuri ɗaya, da kalma ɗaya. Sannu a hankali uwa ta riƙa janye hannunta. Da farko tana kama hannunsa. Daga baya ta taɓa gwiwar hannunsa kawai. Daga baya ta nuna da yatsa. Abin da ake nema shi ne yaron ya je ya duba igiyar da kansa.

In safe ta zauna, a ƙara na rana, sannan na dare. Kiran salla yana taimako wajen tsara yini, domin lokutansa sanannu ne. Misali, abincin rana bayan azahar, wanka kafin magariba, kwanciya bayan lisha.

Kashi na 6: "Da farko, sannan"

Akwai ayyukan da yaro ba ya so. Ga dabararsu. A sami kwali ɗaya, a ja layi a tsakiya. A sama a sa aikin da ba ya so. A ƙasa a sa abin da yake so ƙwarai. A nuna masa a ce, "Da farko wanka, sannan ƙosai." Ko kuma, "Da farko riga, sannan marafai."

Sharaɗin wannan dabara ɗaya ne: cika alkawari. Ana gama wanka a ba shi ƙosai nan take. In an yaudare shi sau biyu ko uku, ba zai sake yarda da katin ba. Kada a sa abin da babu shi a gida. Kada kuma a hana yaro abincinsa ko ruwan sha don bai yi aiki ba. Abin marmari ko abin wasa ake sawa a ƙasan katin.

Kashi na 7: Rarraba aiki ɗaya

Babba yana ganin wanke hannu aiki ɗaya ne. A wurin yaron nan aiki biyar ne. Sai a zana su a jere, a kafa a wurin da ake wanke hannu:

1. Ɗauko buta.
2. Jiƙa hannu.
3. Shafa sabulu.
4. Cuɗa hannu.
5. Ɗauraye.

Haka ma bayan gida: ɗaukar buta, shiga, tuɓe wando, tsugunawa, tsarki, sa wando, wanke hannu da sabulu. A riƙa kai shi a lokuta sanannu, kamar tashi daga barci da bayan cin abinci. Yara da yawa suna tsoron ramin masai da duhu. A fara da fo a wuri mai haske. In ya saba, a zana sawun ƙafa biyu da alli a bakin masai don ya san inda zai taka. Babba ya tsaya kusa, kuma a riƙa rufe ramin.

Wajen sa kaya ba sai an yi zane ba. A jera kayan a kan tabarma yadda za a sa su: wando, riga, hula, takalmi. Jerin kansa ya zama alama.

Akwai wata dabara mai ƙarfafa zuciya. A yi masa duk matakan, a bar masa na ƙarshe. In ya iya, a bar masa biyu na ƙarshe. Ta haka kullum shi ne yake kammala aikin, shi ake yi wa madalla.

Kashi na 8: Yaro ma yana da abin faɗa

Yawan ihu da cizo da buga kai sukan zo ne domin yaro yana son abu, ba shi da hanyar faɗa. Ƙishirwa tana damunsa, ko ciki yana ciwo, ko hayaniya ta yi masa yawa. Kati yana iya zama bakinsa.

A shekarar 1985 wasu masana biyu a Amurka, Andy Bondy da Lori Frost, suka fito da hanyar koya wa yaro ya miƙa hoto ya karɓi abin da yake so. Matakin farko yana bukatar mutum biyu. Ga misali da gyaɗa, ga yaron da ya isa tauna ta:

Uwa ta zauna a gaban yaro riƙe da gyaɗa. Katin gyaɗa yana ƙasa a tsakaninsu. Yayarsa ta zauna a bayansa, ba ta magana. In yaro ya kai hannu ga gyaɗar, yayar ta kama hannunsa, ta sa ya ɗauki katin, ya sa a tafin uwa. Nan take uwa ta ce, "Gyaɗa," ta ba shi kaɗan. A maimaita sau da yawa. A hankali yayar ta daina taimako.

In ya iya, a ƙara katin RUWA, da BAYAN GIDA, da HUTU. A rataye su inda hannunsa yake kaiwa. A kuma riƙa ba shi zaɓi. A ɗaga riga biyu ya zaɓi ɗaya.

Wasu iyaye suna tsoron kati zai hana yaro magana. Bincike bai nuna haka ba. Wasu yaran ma daga nan suke fara furta kalma, domin kullum suna ganin abu suna jin sunansa.

Kashi na 9: Jira, haɗari, da ranar da ta bambanta

Jira yana yi wa yaran nan wuya, domin "anjima" ba ta da kama. A ba ta kama. A jera totuwar masara 5 a kan faifai. Bayan ɗan lokaci a ɗauke ɗaya. In ta ƙarshe ta tafi, tuwo ya sauka. Kada a yi amfani da ƙananan abubuwa kamar tsakuwa, don kada ya haɗiye.

Wurin haɗari ma yana son alama. A ɗaura jan ƙyalle a ƙofar gida, da kusa da murhu, da hanyar rijiya. A kai yaron wurin, a nuna ƙyallen, a ce, "Tsaya." In ya tsaya a yaba masa. A yi ta maimaitawa. Amma a kula ƙwarai: jan ƙyalle ba ya tsare yaro. Yara masu otizim da yawa suna son ruwa, kuma sukan fice ba a sani ba. A rufe rijiya da murfi mai nauyi. A sa sakata a saman ƙofa. Da damina a ƙara sa ido saboda kududdufi. A sanar da maƙwabta halin yaron, domin wanda ya gan shi a hanya ya dawo da shi. Ɗaure yaro da igiya ko mari cutarwa ce, kuma tana ƙara masa tsoro.

Wata rana takan bambanta da sauran, kamar ranar aski, ko asibiti, ko biki, ko sallah. A yi wa irin wannan rana kati na musamman. A nuna wa yaron tun daren jiya, a sake nuna masa da safe. A jera masa tafiyar: MOTA, ASIBITI, MOTA, GIDA. Katin GIDA na ƙarshe yana da muhimmanci, domin shi ne yake gaya masa za a dawo. A sa katunan a aljihu a tafi da su.

Kashi na 10: Koma wa gidan farko

A ɗauka uwar yaron nan ta rataye soso da ludayi da buta a bakin ƙofa. Ranar farko yaron ya fizge igiyar ya jefar. Kaka ta ce, "Ke 'yar nan, wasan yara kika koma?" Uwa ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, a gwada na wata ɗaya. Bulala mun gwada shekara uku." Kaka ta yi shiru.

Uwa ta mayar da igiyar. Ta rage kayan zuwa biyu. Ta roƙi maigida da yayar yaron su riƙa faɗin kalmar da take faɗa. Mako na farko ana fama. A mako na uku, wata safiya, yaron ya ciro ludayi da kansa ya nufi madafa. Bai yi magana ba. Ranar da aka yi baƙi ya sake yin ihu kamar da. Lalurar tana nan. Amma safiyar gidan ta yi sauƙi, kuma kaka ta ajiye bulala.

Wani yaro zai kama a kwana kaɗan, wani sai ya yi watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

Kashi na 11: Kurakuran da za a guje wa

1. Sa katuna da yawa tun farko.
2. Yawan magana yayin nuna kati.
3. Yin aikin yau, a bari gobe.
4. Uwa tana amfani da kati, sauran gida ba sa yi.
5. Fito da kati sai yaro yana cikin ihu. A koya masa lokacin da hankalinsa yake kwance.
6. Tilasta masa ya kalli idon mutum. Kallon katin ya isa.
7. Cire katunan da zarar ya fara iyawa. Gurgu ba ya yar da sandarsa don ya yi tafiyar yini ɗaya.

In yaron yana zuwa makarantar allo ko firamare, a yi wa malaminsa bayani, a ba shi irin katunan gida.

Kashi na 12: Neman taimako

Kati ba ya maye gurbin likita. Duk yaron da maganarsa ta yi jinkiri, a kai shi asibiti a fara gwada jinsa, domin kurumta ma tana hana magana. A gaggauta kai shi in yana farfaɗiya, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya a da, ko yana ji wa kansa ciwo, ko ya ƙi abinci har yana rama. Farfaɗiya tana da magani a asibiti.

A fara da ɗakin shan magani ko babban asibiti mafi kusa, a nemi takardar turawa gaba. Akwai likitocin yara da na ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da yake Shika kusa da Zariya. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kaduna, da Kware ta jihar Sakkwato, da Maiduguri. A yi hattara da duk mai cewa a kawo kuɗi ko akuya zai cire lalurar a kwana bakwai.

A watan Janairu na shekarar 2019 aka sa hannu a dokar Nijeriya da ta hana nuna bambanci ga masu nakasa. Dokar ta tabbatar musu da haƙƙin neman ilimi. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma, a shekarar 2007, ta keɓe 2 ga Afrilu na kowace shekara domin wayar da kai game da otizim.

Renon irin wannan yaro akwai gajiya. Kada a bar wa uwa ita kaɗai. Uba, da abokiyar zama, da yayye, da kakanni, kowa ya karɓe ta ta huta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Faɗi alamu 3 na lalurar otizim.
2. Me ya sa hoto ya fi doguwar magana amfani ga yaron?
3. Waɗanne ne alamu iri uku? Wacce ce mafi sauƙi?
4. Mene ne amfanin ƙwaryar "an gama"?
5. Mene ne sharaɗin katin "da farko, sannan"?
6. Jan ƙyalle kaɗai ya isa ya tsare yaro daga rijiya? Me ya kamata a ƙara?
7. A wane hali za a gaggauta kai yaro asibiti?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya yanka kwali 3 daidai tafin hannu. Ya zana buta a ɗaya, kwano a ɗaya, tabarma a ɗaya. Ya rubuta sunan kowanne a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ya kawo aji malami ya duba rubutun. Wanda ya san gidan da ake da irin wannan yaro, ya je ya yi sallama, ya karanta wa iyayen wannan darasi, ya bar musu katunan.